Na Ci Jarrabawar Turanci, Amma Ba Na Gane Maganar Majinyatana

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce. A Zariya na yi karatu, na yi aiki a gida kafin Allah Ya sa na samu aiki a wani asibiti a arewacin Ingila, ɓangaren tsofaffi. Jarrabawar OET, wato ta Turanci da ake yi wa ma'aikatan lafiya, ba ta ba ni wahala ba, shi ya sa ban taɓa zaton Turanci zai zame min matsala ba. Amma tun da na fara aiki, kalmomin duk na san su, ma'anar ce ba na kamawa. Kwanaki wata dattijuwa ta ce min "I need to spend a penny". Na ce mata shagon asibiti ya rufe, ta bari sai da safe. Ashe banɗaki take nufi. Kafin a ankara ta ɓata jikinta, ta yi ta kuka, wata abokiyar aikina kuma ta kai labarin ɗakin hutu ana ta dariya. Tun ranar, in aka yi maganar da ban gane ba sai in gyaɗa kai in ce "okay", don kada a sake yi min dariya. Na ga wani littafi mai karin maganar Turanci dubu, ina tunanin in saya in haddace. Anti, wannan zai fisshe ni? Ko dai Turancina ne bai kai ba?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba ki ladan wannan aiki. Jinyar tsofaffi sai mai haƙuri, balle a ƙasar da ba taki ba, cikin sanyi da kewar gida.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne gyaɗa kan nan da kika ce kina yi. Don Allah ki daina shi daga yau. Mai aikin ofis in ta gyaɗa kai a kan abin da ba ta gane ba, iyakaci a sake aikin. Ke rai ne a hannunki. A ce likita yana wucewa ya ce miki "hold off on her tablets tonight". Nufinsa a dakata, kada a ba ta ƙwayoyin a daren nan. In da "carry on" ya ce, ci gaba da bayarwa yake nufi. In kuwa "hold on" ne, cewa yake ki ɗan jira shi. Ga hayaniya, ga gajiyar aikin dare, ga mutum yana magana da sauri da karin harshen garinsu. Kika ce "okay" ba ki tabbatar ba, kin ɗauki alhakin da ya fi ƙarfin dariyar ɗakin hutu nesa ba kusa ba. Dariya kwana biyu ce an manta. Kuskuren magani kuwa yana iya kai mutum gaban NMC, hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya da ta ba ki lasisi, ga kuma haƙƙin baiwar Allahn da ke kwance.

Maganin wannan mai sauƙi ne: ki maimaita wa mutum umarninsa da kalmominki. Ki ce, "Just to check, you want me not to give them tonight?" Ya ce e ko a'a, shi ke nan. Babu abin kunya a ciki, don 'yan ƙasar ma haka ake koya musu su riƙa yi a asibiti, musamman in umarnin ta waya ya zo. Da majinyaci kuma ki tambaya kai tsaye, ko ki miƙa masa abin da kike zato: "Do you need the toilet?", "Are you in pain?" Tsoho ba ya jin haushin a tambaye shi abin da yake nufi. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a amsa masa a tafi, ba a yi abin da ya roƙa ba.

Kin tambaya ko Turancinki ne bai kai ba. Ya kai. Ma'aunin hukumar NMC ga nas ɗin da ta zo da sakamakon jarrabawa shi ne ta samu B a karatu da sauraro da magana a OET, da aƙalla C+ a rubutu, ko kuma 7 a jarrabawar Turanci ta IELTS da 6.5 a rubutu. Wadda ta tsallake wannan ba za a ce ba ta iya Turanci ba. Abin da ya faru shi ne Turancin da aka koya mana a makaranta na littafi ne, shi kuwa Bature a gidansa wani yake yi. Mu an koya mana "postpone", shi yana cewa "put off". Mu "tolerate", shi "put up with". Mu "vomit", shi "throw up" ko "bring up". Mu "recover", shi "get over" ko "pull through". Wannan rabuwa tsohuwa ce. Bayan da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, da ƙarnukan da suka biyo baya, dogayen kalmomin Faransanci da Latin suka cika fada da kotu da coci da littattafai. Gajerun fi'ilan gado irin su "get", "put", "take", "come", "go" suka ci gaba da zama a bakin mutane a gida da kasuwa, ana liƙa musu 'yan ƙananan kalmomi, "up", "off", "out", "down", ma'ana tana sauyawa. Makarantun da suka iso mana na littafin suka kawo. Dattijuwar da kike jinya kuwa da na gidan ta tashi.

Kuma ki kwantar da hankalinki, wannan tsari ba baƙonki ba ne, kullum kina yin sa da Hausa. Dubi "ci" kawai: ci abinci, ci amana, ci bashi, ci mutunci, ci jarrabawa, ci gaba, ci kasuwa. Dubi "sha": sha ruwa, sha wahala, sha iska, sha kashi. Ba ki taɓa tsayawa kin tambayi me aka tauna a "cin amana" ba, ɗungurungum kika ɗauke shi tun kina yarinya. Haka za ki yi wa "put up with". Kada ki farfasa shi ki nemi ma'anar "put" daban, ta "up" daban. Kalma ɗaya ce mai gaɓa uku, ma'anarta jurewa.

Har ma akwai inda Hausa za ta buɗe miki ƙofa. Abin da mu muke yi da ƙarshen fi'ili, su da waɗannan ƙananan kalmomin suke yi. Mu mukan ce ci da cinye, sha da shanye. Su sukan ce "eat" da "eat up", "drink" da "drink up". Wato sau da yawa "up" na nufin an gama abu kakaf: "use up" ƙarar da abu, "fill up" cika shi taf, "heal up" ciwo ya warke sarai, "clear up" ƙuraje ko wata cuta ta baje. "Off" kuma yakan ɗauki ma'anar rabuwa ko gushewa. In majinyaci ya ce "the painkiller is wearing off", ƙarfin maganin ne ke gushewa, zafi na dawowa. In likita ya ce "she's come off warfarin", an tsayar mata da shan wannan magani. "Nod off" da "doze off" barci ne ya sace mutum. Sai dai kada ki mayar da wannan doka, jagora ne kawai. "The milk has gone off" madara ce ta lalace, amma "the alarm went off" ƙararrawa ce ta kama ƙara, ba mutuwa ta yi ba. Wannan na biyun yana rikita mutanenmu ƙwarai, kuma a asibiti ƙararrawa ba abin wasa ba ce.

Ga wasu da za ki ji kusan kullum a inda kike. "Pass out" da "black out" suma ne, "come round" farfaɗowa. "Come down with" kamuwa da cuta, kamar mura. "Flare up" tsohon ciwo ya motsa, haka ma "my back is playing up". "Break out in a rash" ƙuraje su feso. "She can't keep anything down", duk abin da ta ci sai ta amayar. A wurin miƙa aiki kuma: "chase up the results" ki bi sawun sakamakon gwaji, "keep an eye on him" ki sa masa ido, "we've run out of gloves" safar hannu ta ƙare, "can you cover for me" ki riƙe min aikina. Ta fuskar nahawu abu ɗaya zan ce ki kiyaye: da yawansu in wakilin suna ya shigo, tsakiya yake zama. "Turn it off", "sit her up", ba "turn off it" ba. Wasu kuma ba sa rabuwa sam, kamar "look after her". Kunne ne zai koya miki wannan fiye da littafi.

Yanzu bari in zo inda na fi jin tsoro a kanki. Maganar da ba ki sani ba, kin san ba ki san ta ba, za ki tambaya. Wadda take kayar da mutum ita ce wadda ya sani da wata ma'ana tun daga gida. Turancinmu na Najeriya yana da nasa karin maganar, kuma ba kuskure ba ne. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganun Turancin Najeriya 29, cikinsu har da Kannywood da "okada" da "next tomorrow" da "put to bed" da ma'anar haihuwa. To amma a ɗakin majinyata a Ingila, in aka ce miki "put her to bed", a kwantar da ita a gado kawai ake nufi. A gida "she has taken in" na nufin ta samu ciki. A can "she can't take it in" na nufin bayanin ya yi mata yawa, ba ta iya fahimta. A gida "passing out" faretin kammala bautar ƙasa ne ke fara zuwa mana a rai, a bakin majinyaci kuwa suma ce. A gida mukan ce "put off the light", a can "turn off" ko "switch off" ake cewa, "put off" ɗage abu ne, ko a sa abu ya fita ran mutum.

Biyu daga cikinsu ina so ki riƙe su sosai. Na farko "sick". A wurinmu rashin lafiya ce kowace iri. Amma Baturen Ingila in ya ce "I feel sick", zuciyarsa ce ke tashi, ki miƙo kwanon amai. In ya ce "I've been sick", ya riga ya yi aman. Rashin lafiya kuwa "ill" ko "unwell" suke cewa, a arewacin ƙasar kuma "poorly" ta fi yawa. Na biyu "I'm coming", wato "ina zuwa" ɗinmu da muke faɗa muna fita. Su a wurinsu yana nufin ga ni nan tafe wurinka yanzu. In kika faɗa wa tsohuwa haka kika juya baya kika fita, za ta ɗauka kin yi watsi da ita. Ki ce "I'll be back in five minutes", kuma ki cika. Haka "sorry" da muke yi a madadin "sannu": in mutum ya yi tuntuɓe kika ce masa "sorry", yakan amsa da cewa ai ba laifinki ba ne. "Oh dear, are you all right?" ita ce sannunsu.

Batun dattijuwar kuwa, kunya ce ta sa ta yi miki magana a lulluɓe, kuma kunyar nan kin san ta. Wace tsohuwa ce a Zariya za ta dubi yarinya ta ambaci fitsari da sunansa? Cewa za ta yi za ta zagaya, ko za ta kama ruwa. Baƙon da ya koyi Hausa a aji in ya ji haka, moɗa zai miƙo mata. Abin da ya same ki ke nan. "Spend a penny" kashe kwabo ne a zahiri, kuma yana da tushe: a babban baje-kolin da aka yi a Landan a 1851 an karɓi kwabo ɗaya daga masu shiga banɗaki, daga baya kuma ƙofofin banɗakunan gari suka zama sai an jefa kwabo suke buɗewa. Matasansu ba su cika faɗinsa yanzu ba, amma ke da tsofaffi kike aiki. Za ki ji "trouble with my waterworks", matsalar fitsari. Za ki ji "down below", wato al'aura. Za ki ji "the loo", banɗaki. In tsoho ya sunkuyar da kai ya ce "I've had an accident", ba faɗuwa ya yi ba, ya ɓata jikinsa ne, yana neman ki suturta shi ba tare da kowa ya ji ba. "I had a funny turn" kuma babu abin dariya a ciki: jiri ne ko wani yanayi ya zo masa ya wuce, kuma abu ne da za ki bincika ki sanar, don yana iya zama alamar babbar matsala.

Akwai wata ɗabi'a tasu da ta yi kama da tamu ƙwarai. Bahaushe ko yana kan gargara, in an ce ya jiki sai ya ce da sauƙi, kuma ke da kika yi jinya a gida kin san ba a dogara da wannan amsa. Tsofaffin Ingila ma haka suke. "Not too bad", "mustn't grumble", "a bit sore", "a bit under the weather", "I don't want to be a nuisance": duk waɗannan suna iya fitowa daga bakin wanda ciwo ke ci sosai. Ki dubi fuska, ki dubi yadda yake numfashi da yadda ya dafe wurin, ki tambaye shi zafin ya kai nawa daga sifili zuwa 10. A nan ƙwarewarki ta gida ta fi kowane ƙamus amfani.

Ki kuma saba da yadda suke zancen tsanani da mutuwa, don dangi za su tare ki da shi a bakin ƙofa. "On the mend" da "turned a corner" sauƙi ya fara samuwa. "Going downhill" jiki na ƙara tsananta. "Touch and go" rai kwakwai mutu kwakwai. "Passed away", "slipped away", "we lost him", rasuwa ce. Sauran kuma ƙanana ne: a arewacin Ingila "tea" sau da yawa abincin yamma ne, "dinner" na rana, kuma in an kira ki "love" ko "pet" ko "duck", gaisuwar sakin fuska ce, babu wata manufa a ƙasanta.

Abokiyar aikin da ta kai labarin ɗakin hutu ba ta kyauta ba, kuma ba ke kaɗai ta tozarta ba, har da tsohuwar da asirinta ya kamata a rufa. Ki same ta ita kaɗai, cikin natsuwa, ki ce mata abin ya yi miki ciwo, kuma kin fi so in ta ga kin kasa gane wata magana ta faɗa miki. Sau da yawa irin waɗannan ba mugunta ba ce, rashin tunani ne, wasu ma daga nan suke zama masu taimako. In abin ya ci gaba, ki kai wa shugabar ɗakinku. Dattijuwar kuma, in har tana nan, ki je ki ba ta haƙuri a taƙaice, ki ce ba ki san maganar ba a lokacin, yanzu kin sani. Za ta huce, ke ma nauyin zai sauka.

Littafin karin magana dubu kuwa, ban hana ki saya ba, amma kada ki zauna haddarsa. Irin waɗannan littattafai sukan cika da abubuwa kamar "raining cats and dogs", wanda za ki daɗe a Ingila ba ki ji wani ya faɗa ba duk da ruwan da ake yi. Kuma abin da aka haddace a jere, ba tare da wurin da aka faɗe shi ba, ba ya zuwa a lokacin buƙata. Gara ki sa ɗan ƙaramin littafi a aljihun rigar aikinki. Duk maganar da ta wuce ki, ki rubuta jimlar gaba ɗayanta da halin da aka faɗe ta a ciki, ba tare da sunan majinyaci ko lambar gadonsa ba, don wannan sirri ne. In kin koma gida ki duba a ƙamus na masu koyo, na Cambridge ko na Oxford, duk suna intanet kyauta, da misalai da yadda ake furtawa. Ki tara su bisa ga wurin amfani: na banɗaki wuri ɗaya, na ciwo wuri ɗaya, na abinci, na barci, na miƙa aiki. Abin da kika tara da hannunki daga bakin mutanen da kike hulɗa da su, shi ne zai zauna.

Ki nemi mutum ɗaya 'yar garin da za ki riƙa tambaya ba tare da jin nauyi ba. Mataimakan jinya da suka daɗe a wurin sun fi kowa sanin maganar tsofaffi. Abokan aikinki 'yan Indiya da Filifin da suka riga ki zuwa su ma sun bi ta wannan hanya, ki tambaye su abin da ya rikita su. A gida ki riƙa kunna rediyon BBC na yankinku, musamman shirye-shiryen da mutane ke bugo waya, don a nan ake jin Turancin gari da karin harshensa. In kina kallon talabijin ki kunna rubutun ƙasa. Sashen koyar da Turanci na BBC ma yana da wani gajeren shiri, The English We Speak, da ke ɗaukar magana ɗaya ya warware ta cikin 'yan mintuna.

Wajen yin amfani da su da bakinki, ki bambanta. Gajerun fi'ilan nan ki fara sa su a magana da majinyata tun yanzu, don sun fi taushi a kunnensu: "sit up for me", "roll over", "pop your arm out". Za ki lura ma'aikatan jinyar can suna yawan amfani da "pop" wajen roƙon ƙaramin abu cikin lallashi. Manyan karin magana kuwa kada ki yi gaggawa, ki bari sai kin ji su sau da yawa kin san inda suke dacewa, don wasu na raha ne, ba a faɗa wa dangin mara lafiya. In rasuwa za ki sanar, abin da ake koyarwa a can shi ne a faɗi "died" a fili cikin tausasawa, don kada mai sauraro ya ɗauka an sauya wa ɗan'uwansa ɗaki ne. A rubutun fayil kuma ki koma Turancin da kika ci jarrabawa da shi: "vomited twice", "lost consciousness", da lokaci da adadi.